Batir Cike, Jiki Ya Ƙare: Kurakuran Masu Doguwar Jinya a Kan Keken Lantarki

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaituwa. Mutum mai fama da ciwon da ba ya warkewa zai sayi keken lantarki, ya yi mako biyu yana murna kamar an sake shi daga kurkuku, daga nan keken ya koma lungu yana shan ƙura, shi kuma yana kwance yana cewa keke bai karɓe shi ba. In ka bi ba'asi, kurakuran ba su wuce 'yan ƙalilan ba, kuma kusan duka na tafka su da kaina. Shekara huɗu ke nan ina hawa. Ciwona shi ne wanda likitoci ke kira ME/CFS, gajiyar da barci ba ya kawar da ita, ga kuma jiri idan na daɗe a tsaye. Mai amosanin gaɓɓai, mai ciwon zuciya ko huhu, mai sikila, kowa da iyakarsa, kuma shi da likitansa suka fi ni saninta. Abin da zan faɗa shi ne yadda ni nake yi.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne yarda da allon da ke kan keke. Allon nan yana gaya maka abin da ya rage a batir. Abin da ya rage a jikinka babu allon da ke nuna shi. A mako na uku da sayen kekena, na wayi gari da ɗan dama-dama, na hau da niyyar zagaya unguwa kawai. Iska na kaɗa ni, ƙafafuna ba su ce uffan ba, batir bai ko motsa ba. Mutumin da ya shekara biyu bai wuce ƙofar gida da ƙafarsa ba, ka ce masa ya juya? Na yi kilomita 18. Na dawo ina dariya, na kira 'yan'uwa ina ba su labari. Washegari ma lafiya lau. Sai a daren na biyu jiki ya biyo bashinsa: zazzaɓi-zazzaɓi, kai kamar an cika shi da yashi, ko cokali nauyi yake min. Kwana tara na yi a kwance, kuma sai da na ɗauki kusan wata uku kafin na koma inda nake kafin wannan yawo.

Masu irin ciwona sun san wannan tarkon. Tabarbarewar jiki bayan wahala ba ta zuwa nan take, takan jira sa'a 12 zuwa 48, wani lokaci fiye. To keken lantarki yana ƙara ɓoye ta. Da ƙafa kake tafiya, cinya da numfashi za su tsayar da kai tun da wuri. A kan keke injin ya ɗauke wa cinya aikinta, amma ya bar maka sauran: riƙe daidaito, zama a miƙe, lura da motoci ta kowace fuska, ƙarar hanya, zafin rana, girgizar gargada da ke hawa ta hannu zuwa wuya. Duk wannan aiki ne, kuma daga aljihu ɗaya ake biyan sa.

Yanzu da agogo nake awo, ba da kilomita ba. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake ya fara da minti 10, ya ajiye keken, ya jira kwana biyu cur. In jiki bai yi ƙorafi ba, ya maimaita minti 10 ɗin sau uku ko huɗu kafin ya ƙara biyar. Ina da ɗan littafi da nake rubuta minti nawa na yi da yadda na tashi kwana biyu bayan nan, domin ƙwaƙwalwa maƙaryaciya ce, daɗin kawai take tunawa. Ina kuma ɗaura agogon da ke auna bugun zuciya. Lissafin da masu wannan ciwo da yawa ke farawa da shi shi ne a cire shekarun mutum daga 220, a ɗauki kashi 60 cikin ɗari na abin da ya rage. Ɗan shekara 40 ke nan kada ya wuce bugu 108 a minti. Kintace ne kawai, kuma wanda ke shan maganin da ke rage bugun zuciya ba zai yi masa aiki ba, sai ya zauna da likitansa. Doka ta ƙarshe ita ce mafi ɗaci: ina juyawa gida tun ina jin daɗin tafiyar.

Sai ku masu kunya. Wallahi kuna ba ni haushi. An ba ka keke mai matakan taimako huɗu ko biyar, ka maƙale a na ɗaya, wai don kada a ce kai rago ne, wai kana so ka ɗan motsa jiki. Wa ya aike ka? Wa ka taɓa gani ya sayi sandar dogarawa sannan ya rataye ta a kafaɗa don ya nuna jarumta? Idan likitanka ya tsara maka motsa jiki, yi shi a lokacinsa da ma'auninsa. Ranar da keken zai kai ka asibiti ko wurin aiki, ƙara taimakon tun kafin ka iso tudu, tun numfashi bai fara sama-sama ba. Wanda zai yi maka kallon lalaci a hanya ba shi zai kwana da ciwon ba.

Kuskure na biyu da ya ci min kuɗi da fatar gwiwa shi ne sayen keke da ido. Na shiga shago ranar da nake jin ƙarfi, na ga wani mai kyan gani da ƙarfe a tsakiya, na zagaya fili sau biyu, mai shagon na ta zuga ni, na biya. Ban ɗaga shi ba, ban tura shi ba, ban tambayi nauyinsa ba. Kilo 26 ne. Galibin kekunan nan tsakanin kilo 20 da 30 suke, kusan ninkin keke na gargajiya. Nauyin ba ya damunka kana tafe. Yana jiranka a wurin tsayawa, da wurin juya shi a ƙuntataccen wuri, da matakala uku da ke bakin ƙofata. Wata rana na dawo a gajiye, na zo sauka, ƙafata ta kasa tsallake ƙarfen nan, muka zube tare, keken a kaina. Ina kwance a ƙasa na gane ashe wa lafiyayyen da nake a da na yi sayayya.

Akwai kuma abin da mai shagon bai gaya min ba, wataƙila shi ma bai ɗauke shi komai ba. Na'urar da ke umartar injin iri biyu ce. Wata tana auna ƙarfin da ka danna feda da shi, ta ba ka taimako daidai gwargwado. Masu lafiya sun fi son ta don tafiyarta ta fi laushi. Ɗayar kuwa juyawar feda kawai take lura da ita, ko a hankali kake juyawa injin zai ja. Ka ga ta farkon, ranar da ba ka da ƙarfi ita ma sai ta rage nata, wato tana guje maka a daidai lokacin da ka fi bukatarta. Na sayar da wancan da asara, na sayi marar ƙarfen tsakiya, wanda ake kira keken mata, mai na'ura ta biyun, mai totur, mai batirin da ake zarewa a shiga da shi ɗaki. Batirin wajen kilo uku ne, wannan ina iyawa. Maganar totur sai an duba dokar ƙasa: a Tarayyar Turai keken da ake ɗauka keke ne kawai injinsa ba ya wuce wat 250, taimakon na yankewa a gudun kilomita 25 a sa'a, kuma sai kana taka feda, a jihohin Amurka da yawa akwai rukuni na biyu da aka yarda masa totur har kilomita 32 a sa'a. In za ka gwada keke, je ranar da jiki ba daɗi sosai, ka hau ka sauka sau biyar, ka tura shi baya, ka nemi maɓallin da ke sa shi tafiya da kansa a hankali, kamar kilomita 6 a sa'a, kana riƙe da shi a ƙasa.

Nisan da aka rubuta a kwali kada ya ruɗe ka. Da mai ƙarfin ƙafa aka auna shi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a matakin taimako mafi ƙanƙanta. Yi naka lissafin: batir mai bolt 36 da Ah 14 (amfiya-sa'a) yana ɗauke da wajen 500 na Wh, ma'aunin yawan wutar da batir ke adanawa. Ni da nake jingina da injin kusan gaba ɗaya ina cin kamar 15 a kowace kilomita, ka ga kilomita 30 da 'yan kai ke nan, tudu da iska mai tunkaro ka kuma su ƙara ragewa. Kashi uku nake raba shi: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ban taɓa shi. Iya ruwa fidda kai. Lafiyayye in batir ya mutu zai tuƙa ya isa gida yana tsaki. Ni zama zan yi a bakin hanya da ƙarfe kilo ashirin da wani abu. Shi ya sa ba na fita sai waya na da caji, kuma akwai wanda ya san inda na nufa.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka tashi daga tsaye a matakin taimako mafi girma, keken zai fizge ka. Sirdi ni nakan sauke shi ƙasa da yadda masana keke ke so, don tafin ƙafata ya taɓa ƙasa in jiri ya zo. Mai ciwon gwiwa ya yi hattara da wannan. Duba iskar taya kowane mako, kuma ka sa taya mai wuyar hujewa, domin cire ƙafar baya mai inji a bakin hanya ba aikin marar lafiya ba ne. Cajar da ta zo da batirin kaɗai za ka yi amfani da ita, kada ka bar shi a wuta kana barci ko a hanyar fita daga ɗaki, kuma batirin da ya kumbura ko ya sha mummunar faɗuwa ya gama aiki. Keke mai ƙafa uku yana maganin faɗuwa a tsaye, amma yana kifewa a kwana in ka shiga da gudu. Maganin da ke sa ka gyangyaɗi, kada ka sha ka hau. Hular kwano ba sai na faɗa ba. Jirgin sama ba zai ɗaukar maka batirin ba, iyakar fasinja 160 Wh ce.

Na kusa mantawa da wanda har yanzu nakan faɗa cikinsa. Keke bakin ƙofa kawai yake kai ka. Kulle shi a sunkuye, takawa zuwa ciki, tsayuwa a layi, magana da mutane, ɗauko kaya, duk suna nan suna jira, ga kuma komawa gida. Sau da yawa na isa wuri lafiya lau, layin minti 20 ya gama da ni. Yanzu ina ɗaure 'yar kujera mai naɗewa a kariyar baya, kuma idan na isa nakan zauna minti biyar kusa da keken kafin in shiga, ko da mai gadi zai yi ta kallona.