Kurakuran da aka fi yi wajen duba insha'in ɗalibai kan littattafan labari cikin zane

Kuskuren da ya fi yawa shi ne malami ya duba takarda kamar littafin ba shi da hoto ko ɗaya. Ɗalibi ya cika shafi uku da "sai wane ya ce, sai wance ta tafi", rubutu tsaf, malam ya zuba masa maki mai tsoka. Alhali ba a ko taɓa rabin littafin ba, domin a irin waɗannan littattafai zane ne ke ɗauke da kaya mafi nauyi.

Ɗauki Maus na Art Spiegelman, wanda ya samu lambar yabo ta musamman ta Pulitzer a 1992. An zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa kyanwoyi, 'yan ƙasar Poland kuma aladu. Ɗalibin da ya kawo labarin wahalar da Vladek, mahaifin marubucin, ya sha a sansanin 'yan Nazi na Auschwitz, amma bai ce uffan kan wannan zaɓi ba, kalmomin kawai ya karanta. Kada ka rubuta masa "ba ka yi maganar hotuna ba" ka wuce. Mayar da shi shafin da Vladek ya rufe fuskarsa ta ɓera da fuskar alade don ya saje da jama'a, ka tambaye shi: me wannan hoton ya faɗa wanda ba a rubuta ba? Daga nan ne insha'i na gaske zai fara.

Sai kuma tsokacin da ba shi da kai ba shi da gindi: "ƙara bayani", "zurfafa", "bai gamsar ba". Ta ina yaro zai kama? Idan ya rubuta cewa wani hoto a Persepolis na Marjane Satrapi yana da ban tausayi, sa shi ya nuna abin da ya jawo tausayin. Littafin baƙi da fari ne zalla, to ina baƙin ya mamaye? Akwatin hoton ƙarami ne, ko ya cinye shafin duka? An matso da fuska kusa ko an yi nesa da ita? Haka ma 'yar ratar da ke tsakanin akwati da akwati, wadda Scott McCloud, wani mai zane kuma manazarcin irin waɗannan littattafai, ya yi dogon bayani a kanta a 1993: a nan mai karatu ke cike abin da ba a zana ba da kansa. Ɗalibai ba safai suke lura da ita ba sai an nuna musu.

Wajen hujja ma ana sakaci. Lambar shafi kaɗai ba ta isa, a nemi ɗalibi ya faɗi akwati na nawa, ya kuma siffanta abin da ke ciki. Amma malam ya yi hattara, manga, wato littafin labari cikin zane na Japan, daga dama ake karanta shi zuwa hagu, saboda haka akwatin farko yana sama ta hannun dama. Kar ka soke wa ɗalibi abin da ya yi daidai. Kuma in ya ce Alan Moore ne ya zana Watchmen, gyara masa: Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana.

Jan biro a kan kowane waƙafi kuwa ɓata lokaci ne. Zaɓi kuskuren nahawu biyu da suka fi maimaituwa, ka bar sauran.

Wanda ya fi wuyar bari shi ne malami ya rage maki don fahimtar ɗalibi ta saɓa da tasa. Hoto yana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. In ɗaliba ta ce yawan baƙi a wani shafi alamar tsoro ce, kai kuma kana ganin makoki ne, duba ko ta kawo hujja daga shafin. In ta kawo, ba ta makinta cikakke, sannan ka rubuta taka fahimtar a gefe, ka nemi ta auna biyun a gyaran da za ta miƙo.