Idan Basine ya ce maka kai kare ne, kada ka tashi da faɗa

Wata na uku da saukata birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wani mai masana'antar takalma da ke bayan gari ya zaunar da ni shan shayi bayan mun gama ciniki. Ya karɓi fasfona zai rubuta takardar oda, ya ga shekarar haihuwata, 1982, sai fuskarsa ta washe, ya faɗa wa tafinta wata magana. Tafinta ya juyo ya ce mini: "Ya ce kai kare ne." Na ajiye kofin shayin, raina ya ɓaci ƙwarai, domin a gidanmu ko yaro ka kira da wannan suna sai an kai ƙararka wurin manya. Allah Ya taimake ni tafintan Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui, ya san abin da kalmar take nufi a kunnen irinmu. Ya riƙe hannuna ya ce yabo ne, mutumin yana nufin an haife ni a shekarar kare, kuma a wurinsu wanda aka haifa a wannan shekara mai amana ne, ba ya cin dukiyar abokin hulɗa. Da na miƙe cikin fushi a ranar, da na yi asarar mutumin da daga baya ya riƙa ba ni kaya bashi na tsawon shekaru.

Shi ya sa duk ɗan'uwan da ya sauka nan, ko fatauci ya kawo shi unguwannin Xiaobei da Sanyuanli na Guangzhou, ko kasuwar Futian ta Yiwu, ko karatu a wata jami'a, nakan fara yi masa bayanin wannan al'ada kafin maganar canjin kuɗi. Ba za ka yi wata biyu ba sai wani ya tambaye ka: "Ni shu shenme?" Ma'ana, wace dabba ce taka?

Sunan abin shengxiao. Shekaru suna zagayawa goma sha biyu-goma sha biyu, kowace da dabbarta, a jere kamar haka: ɓera, sa, damisa, zomo, long (wata dabbar almara), maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare, alade. Shekarar 2020 ta ɓera ce, 2024 ta long, 2025 ta maciji, 2026 ta doki, 2027 ta tunkiya. Ka ɗauki wacce ka sani ka yi ta cire goma sha biyu har ka iso kusa da shekarar haihuwarka, sai ka ƙarasa ƙirgen a jerin dabbobin. Wanda aka haifa a 1990 ko 2002 doki ne, na 1996 ɓera, na 2000 long, na 1995 alade.

Akwai wurin da mutanenmu ke yawan kuskure. Shekararsu ba ta farawa ranar 1 ga Janairu, da jinjirin wata take farawa, tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Mu kuwa da yawanmu an rubuta mana 1 ga Janairu a fasfo saboda iyaye ba su riƙe ainihin ranar ba. Wanda fasfonsa ya ce 1 ga Janairun 1990, a lissafinsu maciji ne na 1989, domin shekarar doki ba ta kama ba sai ƙarshen wannan Janairun.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, sau da yawa mai tambayar shekarunka yake nema ta hanyar ladabi. Idan ka ce "Wo shu ma", wato ni doki ne, zai dubi fuskarka ya san ko 1978 ne ko 1990, daga nan ya san wane ne babba a tsakaninku. Girma yana da muhimmanci a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Idan ya girme ka, kana iya kiransa ge, wato yaya, mace kuma jie. Shi zai fara zama, shi za a fara zuba wa shayi. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, mu ma ba ma kiran na gaba da mu da gatsal.

Sai maganar halaye, inda fahimtarmu da tasu suka yi hannun riga a wurare da dama. Mu mun san ɓera da sata da ɓarna, su kuwa wayo da iya tattali suke gani a jikinsa, mutum mai hango riba tun kafin kowa ya gan ta. A tatsuniyarsu, Sarkin Sama ya sa dabbobi tseren ƙetare kogi, ɓera ya hau bayan sa, da suka kusa gaɓa ya yi tsalle ya riga shi, shi ya sa ya zama na ɗaya. Kyanwa ba ta samu shiga ba, wai ɓera ne ya yaudare ta, kuma daga nan gabarsu ta samo asali. Idan ka je Biyetnam za ka tarar kyanwa ce a gurbin zomo. Sa kuma haƙuri da juriya ne da aiki ba gajiya, tare da taurin kai. Damisarsu mai ratsi-ratsi ce, sarkin dawa a wurinsu, har suna cewa zanen goshinta ya yi kama da harafin da ke nufin sarki. Ɗan shekararta jarumi ne mai zafin zuciya, ba ya son a juya shi. Zomonsu ba mai wayon tatsuniyarmu ba ne, mai sanyin hali ne da gudun rigima.

Long ita ce babbar magana. Turawa suna fassara ta da wani dodo mai aman wuta, amma a wurin Sinawa ba abar tsoro ba ce. Dabbar almara ce mai jikin maciji da ƙaho da ƙafafu huɗu, alamar ruwan sama da mulki, tambarin sarakunansu na da, kuma ita kaɗai ce a cikin goma sha biyun ba a taɓa gani da ido ba. Iyaye suna son haihuwa a shekararta don suna ganin yaron zai yi sa'a da shugabanci. A 2023 an haifi jarirai miliyan 9.02 a ƙasar Sin, a 2024, shekarar long, adadin ya hau zuwa miliyan 9.54 bayan shekaru yana sauka, kuma masana sun sa wannan imani cikin dalilan hawan. Idan abokin cinikinka ya ce ɗansa long ne, da alfahari yake faɗa, ka taya shi murna. Maciji ma suna kiransa ƙaramin long don su rage masa muni, suna danganta shi da zurfin ciki da hikima.

Doki kuzari ne da son yawo da 'yanci. Biri basira da barkwanci, ba ɓarnar gona ba. Zakara kiyaye lokaci da son ado da faɗin gaskiya ko da ɗaci. Tunkiya kuwa tana da labari mai ban tausayi. Kalmar yang ta haɗa tunkiya da akuya, kuma ana yaba wa 'yan shekararta da taushin zuciya, amma akwai tsohon karin maganarsu da ke cewa cikin tumaki goma, tara ba sa cika da sa'a. Har yanzu akwai tsofaffin da ba sa son jika ko suruka 'yar wannan shekara. Na taɓa ganin yadda fuskar wata ma'aikaciyar kamfanin jigila ta canza da wani ɗan'uwanmu ya tsokane ta da wannan magana, ya ji ta ne a wani wuri ya ɗauka abin dariya ce. Don Allah kada ka yi. Ba ka san abin da ta sha a gidan surukai a kan haka ba. Kuma ka tuna garin da muke ciki, Guangzhou, laƙabinsa Birnin Awaki, mutum-mutumin awaki biyar na nan a lambun Yuexiu, mutanen garin suna ji da shi.

Alade shi ne ya fi yi mana nauyi, kuma na san ɗan'uwan da aka haifa a 1983 ko 1995 ba zai so ya buɗe baki ya faɗa ba. A wurin Sinawa alamar wadata ce da sakin hannu da zuciya ɗaya. Ba dole ne ka ambaci sunan ba, ka faɗi shekarar haihuwarka kawai, shi zai yi lissafinsa. Musulmin ƙasar ma haka suke kaucewa, wasu 'yan Hui sukan ce su 'yan hai ne, wato sunan gurbin shekarar a tsohon lissafi, ba tare da kiran dabbar ba. Mutanen ƙasar sun san da wannan. A 2007, shekarar alade, gidan talabijin na gwamnati ya hana sa hoton alade a tallace-tallacensa don girmama Musulmi.

Ra'ayina a kan gaskiyar abin a fili yake. Ba zai yiwu mutum miliyan tara da aka haifa a shekara guda su zo da hali iri ɗaya ba. Na yi hulɗa da 'yan shekarar kare da suka ci amanata, na kuma ga ɗan shekarar ɓera da ya mayar mini da rarar kuɗin da na tura bisa kuskure. Yawancin matasan Sinawa ma abin hira suka ɗauke shi. Sanin abin da mutum yake nufi daban, gaskata shi daban. Ka san dabbarka don ka iya amsa tambaya, amma iyakar nan ke nan. A bakin wuraren bautarsu da wasu lunguna za ka ga masu duba zaune, suna haɗa shekara da wata da rana da sa'ar haihuwa su faɗa wa mutum makomarsa, yanzu ma har a waya ake yi. Wannan bokanci ne ko da wane suna aka kira shi, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Idan aboki ya ce zai kai ka, ka gode masa ka ce addininka bai yarda ba. A shekarun da na yi a nan ban ga wanda ya ji haushin wannan amsa ba, muddin da sakin fuska aka ba da ita. Abin da ba sa so shi ne ka tsaya kana yi musu wa'azi a kan teburin abincinsu, ko ka yi wa al'adar dariya.

Akwai kuma abin da suke kira benmingnian, shekarar da dabbar mutum ta zagayo, wato yana da shekara 24, 36, 48 da sauransu. Kai za ka zaci shekarar sa'arsa ce, su kuwa ta hatsari suke ɗaukarta. Za ka ga babban mutum da jan zare a wuyan hannu ko jar safa duk shekara don kariya. Idan aka ba ka irin wannan zare kyauta, ka sani laya ce a wurinsu, ka yi godiya ka bayyana cewa ba ka ɗaurawa. Ta fuskar kasuwa kuma, wani maigidan yakan ja ƙafa wajen buɗe sabuwar harka ko zuba jari mai yawa a irin wannan shekara. Idan ka ga laoban ɗinka, wato maigidan da kake hulɗa da shi, yana ta ɗage maganar haɗin gwiwa ba tare da dalili ba, ka lissafa shekarunsa kafin ka zarge shi da rashin yarda da kai.

Ga wanda aure ya haɗa shi da gidan Sinawa, ko ɗalibin da ke jin abokansa na hirar, dabbobin suna da abokai da abokan gaba. Ɓera da long da biri suna jituwa, haka sa da maciji da zakara, damisa da doki da kare, zomo da tunkiya da alade. Waɗanda shekara shida ta raba su kuwa ana cewa suna karo, kamar ɓera da doki, ko long da kare. A Lambun Jama'a na Shanghai, inda iyaye ke taruwa ƙarshen mako da takardun bayanin 'ya'yansu suna nema musu abokan aure, shekarar haihuwa tana cikin abin da ake fara dubawa.

Inda wannan lissafi zai taɓa aljihunka kai tsaye shi ne bikin sabuwar shekara, Chunjie. Hutun gwamnati mako guda ne da 'yan kwanaki, amma masana'antu kan rufe makonni biyu zuwa huɗu, domin ma'aikata suna komawa ƙauyukansu, wasu ma ba sa dawowa. Tikitin jirgin ƙasa yana wuya, kuɗin jigila yana tashi, kayan da aka yi a gurguje kafin hutu sukan zo da aibi. Kalandarsu tana bin wata kamar tamu, sai dai suna ƙara wata guda duk bayan shekara biyu ko uku don kada bikin ya bar lokacin sanyi, tamu kuwa tana ja baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Shi ya sa a 2026 bikinsu ya faɗo 17 ga Fabrairu, dab da kamawar azumi, na 2027 kuma 6 ga Fabrairu, shi ma a bakin Ramadan. Mai son shadda da takalma da kayan yara su isa Kantin Kwari ko kasuwar Maraɗi kafin ƙaramar Sallah, ya gama odarsa tun Nuwamba, kaya su hau ruwa kafin a rufe. Ka kuma duba samfur da kyau, domin a wannan lokaci ana buga hoton dabbar shekara a kan riguna da jakunkuna da kwalaye, ba kowace ce za ta sayu a gida ba.

Ranar da aka buɗe kasuwa bayan hutu, ka gai da mutane da "Xin nian kuai le", wato barka da sabuwar shekara, ko "Gong xi fa cai" ga 'yan kasuwa, fatan arziki ke nan. Idan kana da mai gadi ko mai ɗaukar kaya ko yaran maƙwabta, ka sa ɗan kuɗi a jan ambulan ka miƙa da hannu biyu. A Guangdong, lardin da Guangzhou take, ba a cika sa da yawa ba, yuwan 10 ko 20 ya isa, sabuwar takarda, kuma ka guji adadin da ke da 4 a ciki don furucinsa ya yi kama da na kalmar mutuwa.