Yadda Malami Zai Tafiyar da Magana Tsakaninsa da Iyayen Yara da Hukumar Makaranta

Malamin da ke koyarwa a Zariya, ko a firamaren gwamnati ta cikin Birni yake ko a makarantar kuɗi ta Samaru, wuri biyu yake ba da bahasi: gidan da yaro ya fito da ofishin hedimasta. Yawancin saɓanin da ke shiga tsakaninsa da su yana farawa ne daga labarin da ya isa a makare, ko kuma ya isa ta bakin wani. Saboda haka abin da ya kamata malami ya riƙe shi ne, duk abin da ya shafi ajinsa, daga bakinsa za a fara jinsa, da wuri, kuma da hujja a hannu.

Aikin yana farawa ne tun makon farko na zango. Malami ya karɓi lambar waya ta kowane gida, ya kuma tabbatar da wanda ke ɗauke da nauyin yaron, domin yara da yawa suna riƙo ne a hannun kaka ko kawu ko gwaggo, wasu kuma mahaifinsu yana wuni a kasuwar Sabon Gari ko yana aiki a Kaduna, sai ƙarshen mako yake dawowa. Ina ganin babu abin da ya fi amfani kamar kiran farko ya kasance na alheri, a gaisa, a faɗi wani abin kirki da aka gani ga yaron. Uban da ya taɓa jin yabon ɗansa daga bakin malami ba zai ɗauke shi abokin gaba ba ranar da ya zo da ƙorafi.

Idan ranar ƙorafin ta zo, a nemi wurin da babu ɗalibai ko sauran malamai, a yi gaisuwa cikakkiya, a kira mutum da sunan girmamawarsa, Alhaji ko Hajiya ko Malam. Malami ya zo da rijistar aji da littafin aikin yaron. Faɗin cewa yaro ba ya ƙoƙari hukunci ne da zai sa uba ya fara kare ɗansa. Ya fi kyau a ce, "Alhaji, makonni uku ke nan ba ya zuwa ranar Litinin, ga rijista, ko akwai abin da ke faruwa a gida?" Daga nan sai malami ya yi shiru ya saurara da gaske, domin a nan ne ake gano cewa yarinya tana fita talla da safe, ko yaro yana zuwa gona lokacin girbi, ko hadda a Islamiyya tana cinye masa yamma da dare, ko kuma ba ya ganin allo daga bayan aji. Kafin a tashi, a tsayar da abu ɗaya da gida zai yi da abu ɗaya da malami zai yi, a kuma sa ranar da za a sake tuntuɓar juna.

Takardar Turanci da aka ba yaro ya kai wa iyayen da ba su yi boko ba, sau da yawa shi ne zai karanta musu ita, ya kuma fassara yadda ya ga dama. Kiran waya ko saƙon murya ya fi ta. A zauren WhatsApp na iyaye kuwa, sanarwa kawai za a sa, kada a taɓa ambatar laifin wani yaro da sunansa. Idan ta kama a je gida, malami namiji ya yi sallama da maigida a zaure, al'amarin yarinyar da ta fara girma kuma a bar wa malama ta tattauna da mahaifiyarta.

Ta ɓangaren hukuma, kada hedimasta ko firinsifal ya fara jin matsalar aji daga bakin uban da ya shigo a fusace. A sanar da shi kafin a kira iyaye a kan babban al'amari, idan kuwa rauni ne ko zargin cin zarafin yaro, a ranar za a kai rahoto. A makarantar gwamnati, a bi matakai yadda suke, daga mataimakin shugaba zuwa shugaban makaranta, sannan Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari, kafin a yi maganar hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ke Kaduna. Tsallake shugaba yana ɓata zumunci, kuma takardar takan dawo teburinsa ne daga baya.

Buƙata a rubuce ake kai ta, da kwanan wata, malami ya ajiye kwafi. Ya faɗi adadin yaran ajinsa da adadin bencin da ke akwai, ya kuma haɗa da shawarar mafita, misali a gabatar da maganar ga ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, da al'ummar unguwa ke ciki. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin tura yara makaranta, amma idan rashin zuwan yaro ya ci tura, shugaban makaranta ne zai tunatar da su wannan, tare da mai unguwa ko liman in da hali. Malami kada ya karɓi ko sisi daga iyaye ba da izinin hukuma ba, kada kuma ya kushe shugabansa a gabansu ko da yana da gaskiya. Wannan magana ce ta ofis, a can zai faɗe ta.