Ka cire manhaja ka sake sakawa amma matsalar tana nan? Leƙa AppData

Shekaranjiya wani ƙanina da ke karatu a jami'ar ATBU ta Bauchi ya kawo min laftof ɗinsa shago nan Wunti, wai wata manhajar zane ta rikice masa, ya cire ta ya sake sakawa har sau uku amma da ya buɗe sai ta dawo da rikicinta sak kamar ba a taɓa ta ba. Na ce masa kai dai tsakar gida ka yi ta shara, dattin yana cikin ɗaki.

Ita Windows ba ta haɗa manhaja da setin ɗinta wuri ɗaya. Manhajar tana zaune a Program Files, su kuma abubuwan da ka saita da hannunka suna wata folda daban mai suna AppData a cikin C:\Users ƙarƙashin sunanka, kuma yawanci in ka cire manhaja ba a taɓa wannan foldar. Tun fitowar Windows Vista a 2007 aka tsaurara, manhaja ba ta rubutu a Program Files sai da izinin admin, ga shi kuma kwamfuta ɗaya mutum uku na iya amfani da ita kowa da akawun ɗinsa, to kowa da nasa setin ke nan, na Yaya ba ya shiga na ƙani.

Foldar a ɓoye take, kar ka wahalar da kanka da nema. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %appdata% ka buga Enter, zai kai ka Roaming, ɗaya daga cikin folda uku da ke cikin AppData. In ka rubuta %localappdata% kuma Local zai buɗe. Akwai ta uku LocalLow, ni dai ba kasafai nake shigarta ba.

To ga gyaran. Rufe manhajar gaba ɗaya tukuna, nemo folda mai sunanta ko sunan kamfaninta a Roaming ko Local, kar ka goge don Allah, canza mata suna kawai ka ƙara "tsoho" a ƙarshe. Da ka sake buɗe manhajar za ta ga babu komai sai ta ƙirƙiri sabuwa fes. In abin bai yi ba ka maida tsohon sunan, ba ka yi asarar komai ba. Na ƙanin nan ko minti biyu bai kai ba, shi da ya ƙona data wajen sauko da ita sau uku.

Masu zuwa a yi musu fomatin, wato a goge komai a sake saka Windows, kuwa ku ne abin ya fi shafa, don mutum zai kwashe Documents da hotuna a filash ya manta da nan. Na Firefox yana Roaming\Mozilla\Firefox\Profiles, in ka kwafe shi har da fasuwod ɗinka za su biyo ka. Na Word, irin font da tazarar layi da ka saba buga furojet da su, yana cikin fayil ɗin Normal.dotm a Roaming\Microsoft\Templates. Amma Chrome fa a kula, nasa yana Local\Google\Chrome\User Data, sai dai fasuwod ɗin a kulle suke da akawun ɗin Windows ɗinka, ko ka kwafa ba za su buɗe a sabuwar Windows ba, gara ka shiga da Gmail ka kunna Sync, mai adana su a akawun ɗinka na Google, kafin a taɓa komai.

Wasu manhajojin kuma a Registry suke ajiye nasu, wato rumbun da Windows ke ajiye setin ɗinta, wannan kam in hannunka bai faɗa ba kar ka shiga, kawo wa mai gyara.