Kurakuran da Yaranmu Ke Yi Wajen Neman Gurbin Ƙwallon Amurka a Jami'a

A ɗakin ɗaga ƙarfe na makarantun sakandaren Amurka akwai lambar da yara suka haddace: 225. Sanda mai fam 45, faifai biyu masu fam 45 kowanne a kowane gefe, jimla fam 225, kimanin kilo 102. Da wannan nauyin ake gwada 'yan wasan jami'a a Indianapolis kowace shekara kafin ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, su zaɓe su. Mutum ya kwanta a benci, a ƙirga sau nawa zai tura ƙarfen sama. Yaro ɗan shekara 15 ya kalli wannan a waya, sai ya sa a ransa cewa ranar da ya ɗaga faifan nan huɗu, jami'o'i za su yi layi a ƙofar gidansu. Iyayenmu da ke zaune a can, waɗanda yawanci ba su taso da wasan ba, sai su yarda da shi.

Nan ne kuskuren farko, kuma shi ya fi cin lokacin yara. A 2011 Stephen Paea ya tura wannan nauyi sau 49, ya yi wasa shekaru a NFL, amma ba a taɓa zaɓarsa cikin gwanayen shekara ba. A 2018 Orlando Brown na Jami'ar Oklahoma sau 14 kacal ya iya, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har sai zagaye na uku aka ɗauke shi. Daga baya an zaɓe shi cikin gwanaye sau huɗu, ya kuma ci kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, da ƙungiyar Kansas City a 2023. Dalili a fili yake: a tsaye ake wannan wasa, ƙarfin ture abokin karawa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a dandali ya san ba mai faɗin ƙirji ke kayarwa ba, mai ƙafa ne. Gyaran shi ne a ba tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, tsalle da gajeren gudu kaso mafi tsoka, benci ya biyo baya. Idan makarantar tana da ƙungiyar kokawa ko ta tsere, yaro ya shiga bayan kakar ƙwallo. Kociyoyi suna son ganin haka.

Sai ƙarin gishiri a lambobi. Yaro ya rubuta a shafinsa cewa yana gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.4, alhali abokinsa ne ya danna agogon waya. Mafi sauri da na'ura ta taɓa aunawa a Indianapolis shi ne 4.21, na Xavier Worthy a 2024. Ranar da yaro ya je sansanin horo na jami'a a watan Yuni, za a cire masa takalmi a auna tsayi, a ɗora shi a sikeli, a sa shi gudu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kocin da ya kama ka da inci biyu na ƙarya zai yi shakkar duk abin da ka rubuta. A rubuta abin da aka auna, da wurin da aka auna shi.

Abin da koci ke fara buɗewa bidiyon wasa ne, galibi a Hudl, shafin da ake ɗora bidiyon wasanni. Kada a cika shi da kiɗa da hoton ɗaga ƙarfe. Minti uku zuwa huɗu sun isa, wasanni biyar mafi kyau a farko, da alama a kan yaron kafin a fara kowane wasa don kada koci ya yi ta laluben wane ne shi cikin mutum 22.

Taurarin da shafuka irin su 247Sports da Rivals ke bai wa yara don nuna matsayin gwanintarsu kuwa, kada su hana kowa barci. 247Sports yara 32 kawai yake ba taurari biyar a shekara, cikin kusan miliyan ɗaya da ke buga wasan a sakandare. Kimanin bakwai cikin ɗari ne ke samun bugawa a jami'o'in NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka da ta kasa su rukuni-rukuni, don haka raina ƙananan rukunoni asara ce. Haka kuma alkawarin baki daga koci ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a takarda.

Karatu ne ke kayar da yara shiru ba a ji ba. Rukuni na ɗaya na NCAA yana buƙatar darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kuma goma daga ciki sai an gama su kafin shekarar ƙarshe. Yaron da ya fara sakandare a Kano ko Kumasi kafin ya koma Amurka, a nemo takardun tsohuwar makarantarsa tun da wuri.

Wanda ya fi damuna shi ne gaggawa da jiki. Likitocin yara a Amurka sun yarda ɗaga ƙarfe ƙarƙashin kulawa ba ya hana tsayi, don haka wannan tsoron a ajiye shi. Haɗarin yana wajen loda nauyi kafin a iya tsayuwa daidai, da dawowa daga hutu a afka wa horo mai tsanani rana ɗaya. A Janairun 2011 'yan wasa 13 na Jami'ar Iowa suka kwanta asibiti bayan horon da ya haɗa da tsugunno ɗari da ƙarfe. Tsokarsu ce ta farfashe, abin da ta saki ya bi jini ya takura ƙoda. Uwa, idan ɗanki ya dawo da ciwon cinya da ya wuce misali, fitsarinsa ya koma kalar shayi, asibiti za a tafi a daren, ba a jira gari ya waye ba. Garin ƙara tsoka da ake saye a intanet ma a yi hattara: hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta tantance shi kafin ya shiga kasuwa, kuma idan gwajin NCAA ya nuna haramtaccen sinadarin ƙara ƙarfi, shekara guda ce a waje.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wato sikila. Mu mun saba jin AS a maganar aure kawai, muna cewa mai AS lafiyarsa ƙalau. Haka ne a zaman yau da kullum, amma a gudu mai tsanani ba hutawa, cikin zafi da ƙishirwa, jininsa na iya toshewa cikin 'yan mintuna. Bayan rasuwar wani ɗan wasan Jami'ar Rice mai shekara 19 a 2006, NCAA ta shigo da gwajin a rukuni na ɗaya daga 2010. Sakandare da yawa ba sa tambaya. AS ba ya hana wasa. A yi gwajin, a kai sakamakon hannun koci da mai kula da lafiyar 'yan wasa, a kuma gaya wa yaron da babbar murya cewa in ƙafafunsa suka saki ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take ko da koci na ihu, ya nemi inuwa da ruwa, a kira likita.