Shago naka ne, amma ba kowace dokarka ce za ta tsaya maka ba

Mai shago yana da ikon ya ce ba bashi, ba shan sigari, ba a shiga da jaka, ƙarfe tara ake rufewa. Yana da ikon sallamar wanda ya zo a buge yana zage-zage. Inda 'yan kasuwarmu ke zamewa shi ne zaton duk abin da suka rubuta a kwali suka manna a ƙofa ya zama doka.

Wanda ya fi yawa shi ne ɗan rubutun nan na ƙasan rasit: "Kaya in ya fita ba ya dawowa." Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da lahani, ko wanda ba shi aka siffanta masa ba, kuma rubutun rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Tun kafin dokar ma, duk wanda ya zauna gaban malamin fikihu ya san wanda aka ɓoye wa aibi yana da zaɓin mayar da kaya. Gyaran shi ne a raba mutum biyu. Wanda ya kai janareto gida ya yi ta jan igiya bai tashi ba, wannan a canza masa ko a ba shi kuɗinsa. Wadda aka yanka wa yadi biyar na shadda, ta je gida kalar ta daina burge ta, wannan sai dai alfarma. A rubuta hakan ɓaro-ɓaro inda za a gani kafin a biya kuɗi, a kuma tayar da janareton a gaban mai saye tun a bakin shago.

Kuskuren da ya fi tsada kuwa shi ne korar mutum saboda ko shi wane ne, ba don wani abu da ya aikata ba. A watan Maris na 2024 hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ta rufe reshen gidan abinci na KFC da ke filin jirgin Murtala Muhammed a Legas, bayan an ce wa wani mai keken guragu ba a shiga da keke. Wata guda bayan nan FCCPC ta garƙame wani kantin 'yan Sin a Abuja bisa zargin hana 'yan Najeriya shiga. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yanka tarar naira miliyan 1 ga kamfani, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. A ganina ma tarar ƙarama ce idan aka gwada da bidiyon da zai zaga Facebook kafin la'asar. Kowace doka ta shago a ɗora ta kan hali: hayaniya, ɓarnar kaya, rashin biya. Ƙabila, addini da nakasa ba su da gurbi a ciki.

Sau da yawa ba maigidan ne ke yin ɓarnar ba, mai gadi ne ko yaron shago. Ya tare mai silifas ya karɓe masa jaka, mai babbar riga ya wuce da tasa har da "ranka ya daɗe". Dokar da ake zaɓen wanda za a yi wa ta tashi daga doka ta koma wulaƙanci. A koya wa yara jimla ɗaya da za su faɗa wa kowa, in gardama ta tashi su kira maigida.

Akwai kuma masu cewa tiransifa kawai suke karɓa, ko su ƙi takardar kuɗi don ta tsufa. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta sa ƙin karɓar naira cikin laifuka.

Masu asibitin kuɗi su ne ikonsu ya fi kowa ƙaranci a nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana mayar da wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, sannan dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A fara tsayar da jini, maganar kati da kuɗin ajiya ta biyo baya.