Darasi na 7: Yaro mai minshari, a yi masa aiki ko a jira?

Bayan an tashi daga aji, wata ɗalibarmu daga Unguwar Rogo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Malama, yarona ɗan shekara 4 yana minshari kamar dattijo. Kakarsa ta ce wanzami ya cire masa belu, likita kuma ya ce sai an yi aiki. Wanne zan bi?" Tambayarta ce ta haifar da wannan darasi.

A sa yaro ya wangame baki, a haska da tocila. Ɗan naman da ke reto a tsakiya shi ne belu. A dama da hagu kuma akwai ƙululu biyu, likitoci na kiran su tonsil. Can bayan hanci akwai ɗan uwansu da ido ba ya gani, sunansa adinoyid. Tsakanin shekara 2 zuwa 8 sukan yi girma, a wasu yara har su kusa haɗewa. Da rana iska na samun hanya. Da dare naman maƙogwaro ya saki, sai hanya ta toshe.

Don haka askar wanzami ba ta taɓa inda ciwon yake. Belu wanzami zai yanke, ƙululun na nan, ga zubar jini da haɗarin kamuwa da cuta. Ina girmama kakanni, amma a nan ina roƙo, kada a kai yaro.

Kowane yaro na iya minshari idan mura ta kama shi, balle a sanyin Jos lokacin hunturu. Wanda ake tsoro daban yake. Uwa ta zauna kusa da shi bayan ya yi nisa a barci. Za ta ji minshari, sai tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sai ya zabura da shaƙewa, ya juya, ya sake. Yakan kwana baki buɗe, wuya a miƙe baya, matashi jiƙe da gumi. Wani ya koma fitsarin kwance. Da safe ga ciwon kai, a makaranta ga rashin natsuwa, a yi ta dukansa ana cewa ba ya ji, alhali barci ne bai ƙoshi ba. Wani ma jikinsa ya ƙi gaba.

Ku ɗauki bidiyonsa yana barci da waya, ko na minti 2, a ɗaga riga a ga ƙirji. Ku kai wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Jira ma hanya ce idan abin bai yi tsanani ba. A wani bincike da aka fitar a Amurka a 2013, an bi yara 464 masu shekara 5 zuwa 9. Bayan wata 7, numfashin 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin cire ƙululun da adinoyid ya daidaita. Cikin waɗanda aka jira, 46 cikin 100. Likita kan ba da maganin fesawa a hanci, ya sa ranar dawowa. A fitar da kaskon gawayi da hayaƙin taba daga ɗakin kwana. Amma idan numfashi na ɗaukewa kusan kullum, ko yaro na ramewa, jira cutarwa ce.

Shi aikin ta baki ake yi, ba a tsaga wuya. Ana sa yaro barci, yawanci ba a kai awa guda ba. Wahalar tana bayan an dawo gida: ciwon maƙogwaro na mako 1 zuwa 2, har kunne yakan amsa. Farin abu zai fito a wurin, ba ruɓa ba ce, kada a goge. A yi ta ba shi ruwa da kunu mai sanyi-sanyi. Maganin da likita ya rubuta kaɗai za a ba shi. Ban da asfirin, ban da kodin. Jini kan iya ɓallewa tsakanin kwana 5 zuwa 10. In aka ga jan jini a baki, ko yaro na ta haɗiya ba dalili, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Shi ya sa a makonni biyun nan ba a tafiya ƙauye da shi.

Tun ranar farko a faɗa wa likita idan yaro na da sikila, ko a dangi akwai mai jinin da ba ya tsayawa da wuri. Mai sikila, da mai ƙiba sosai, da wanda bai kai shekara 3 ba, suna bukatar shiri na musamman da kwana a asibiti.

Aikin gida: kowa ya rubuta waɗannan tambayoyi da za a yi wa likita da hannunsa a takarda, ya ƙara tasa guda. Me zai faru in mun jira wata 6? Nawa ne kuɗin aiki da gwaji gaba ɗaya? Ƙarfe nawa za a daina ba shi abinci kafin aiki? Wa zan kira in jini ya zo da dare?